Zafin Bazara da Tsatsar da ke Cin Kaza Daga Ciki

Duk wanda ya taɓa wucewa ta Kalgo da tsakar rana a watan Afrilu, ko ya yi bazara guda a Gwandu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan zafin wannan yanki. Daga watan Maris zuwa Mayu, abu ne da aka saba gani ma'aunin zafi ya haura digiri 40 na santigireti a inuwa, dare kuma ya yi amma ƙasa da bango su ƙi hucewa. Ɗan Adam yana da dabarunsa. Ya yi gumi, ya watsa ruwa, ya ja tabarma zuwa gindin dogon yaro. Kazar da aka kulle a ɗaki mai rufin kwano kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kiwon kajin gidan gona ya yaɗu ƙwarai a jihar Kebbi, kuma ba manyan 'yan kasuwa kaɗai ke yin sa ba. Akwai malaman makaranta, da matan aure, da samarin da suka gama karatu, waɗanda kan zuba 'yan tsaki hamsin ko ɗari a bayan gida domin su sayar lokacin Sallah. To a shekarun 2023, 2024 da 2025 Ƙaramar Sallah ta faɗo ne tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu, wato kajin sun kai girman yanka daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. Abin da mai kiwo ke lissafawa a matsayin hasara shi ne kajin da ya kwashe matattu da la'asar. Akwai wata hasarar da ba ya gani, wadda ke cikin jikin waɗanda suka rayu, kuma ita ce ke bin naman har cikin tukunya. A kanta za mu yi magana, da kuma sinadaran da ake zubawa cikin abinci ko ruwan kaji domin rage ta.

Yadda kaza ke fama da zafi

Zafin jikin kaza mai lafiya yana tsakanin digiri 41 da 42, wato ya ɗara namu da kusan digiri huɗu. Jikin nata kullum cikin samar da zafi yake, saboda narka abinci da gina tsoka, kuma dole ta fitar da shi waje. Babbar kaza ta fi jin daɗin muhalli mai digiri 18 zuwa 24, domin a nan zafin ke fita da kansa ba tare da wahala ba. Idan iskar ɗaki ta kai digiri 40, bambancin da ke tsakanin jikinta da iskar ya kusa ƙarewa, zafin ba shi da inda za shi. Ga gashi ya lulluɓe ta, ga shi Allah bai halicce ta da ƙofofin gumi a fata ba.

Saboda haka sai ta buɗe fukafukai, ta kwanta ta manna ƙirji a ƙasa, jini ya taru a zanko da ƙafafu da fata. In hakan bai isa ba sai ta shiga haki, baki buɗe, numfashin da ke tsakanin 20 da 30 a minti guda ya tashi har ya kai 200 ko fiye. Ruwan da ke tashi daga maƙogwaro da huhu shi ke ɗauke zafin, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa daga jikin randa ke sanyaya na ciki. Amma haki yana da tsada. Yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, abin da ke ɓata daidaiton sinadaran jini, shi ya sa ƙwan bazara ke da ɓawo marar ƙwari. Sannan tsokokin da ke aikin hakin su ma zafi suke ƙarawa. Idan zafin jikin ya doshi digiri 45 zuwa 47, kaza ta mutu.

Kajin gida da ke yawo a Kambaza ko Diggi sun fi jure wannan hali, domin jikinsu ƙarami ne, girmansu a hankali yake, kuma suna da 'yancin neman inuwa su tona ƙasa mai sanyi su kwanta. Waɗanda wuyansu ba gashi ma sun fi sauran juriya. Kazar nama ta gidan gona kuwa wata halitta ce da masu zaɓen iri suka shekara da shekaru suna gyarawa domin saurin girma. Wani bincike da aka buga a 2014 daga Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada ya kiwata irin kajin 1957 da na 2005 a kan abinci ɗaya. A kwana 56, na 1957 sun kai giram 905, na 2005 kuwa giram 4,202. Tsoka ta ninka fiye da sau huɗu, amma zuciya da huhu ba su bi ta da wannan sauri ba. An kuma yi wannan zaɓe ne a ƙasashe masu sanyi. Irin wannan kaza ce ake ƙyanƙyashewa, galibi a wajejen Ibadan, a loda ta a mota tana kwana ɗaya a duniya, a kawo ta ta yi rayuwarta ta mako shida ko bakwai a bazarar Kebbi.

Tartsatsin da ke tashi daga murhu

Yanzu sai mu shiga cikin jikin. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya. A nan ake ƙona abinci da iskar oksijin a sami ƙarfin da jiki ke aiki da shi, don haka ba laifi in mun kira su murhun ƙwayar halitta. Kowane murhu kuwa yana tartsatsi. A yayin wannan ƙuna, wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce ba a gama sarrafa shi ba, ya zama wani ɓarɓashi mai ƙarancin ilektoron ɗaya. Irin wannan ɓarɓashi ba ya zama lafiya. Duk abin da ya taras sai ya fizge masa ilektoron, wanda aka fizge wa shi ma ya juya kan maƙwabcinsa, ɓarnar ta yi ta tafiya. Bari mu kira su tartsatsin oksijin.

Wannan aiki na oksijin ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne ke sa fartanya ta yi tsatsa idan ta kwana a damina. Shi ne ke sa gautan da aka yanka ya yi duhu, kuma shi ne ke sa tsohon man gyaɗa ya canja wari ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Abin da ya fi shan wahala a jikin kaza shi ne kitsen da aka gina tantanin kowace ƙwayar halitta da shi. Idan tartsatsi ya kama wannan kitse, tantanin yakan huhhuje, abin da ke ciki ya riƙa yoyo. Ɗaya daga cikin tokar da wannan gobara ke bari shi ne wani sinadari mai suna malondayaldihaid, wanda masu bincike ke aunawa a jini ko a nama domin su san iyakar ɓarnar.

Jiki yana da 'yan kwana-kwanansa. A 1969 wasu masana biyu a Amurka, Joe McCord da Irwin Fridovich, suka gano aikin wani inzayim mai kashe tartsatsin farko tun bai yi nisa ba. A 1973 kuma aka tabbatar cewa wani inzayim ɗin, gulutatayon faroksides, ba ya aiki sai da ma'adinin siliniyom a cikinsa. Ban da waɗannan akwai bitamin E da bitamin C. Dukkansu ana kiran su antiyoksidan, mu kuwa a nan za mu ce sinadaran hana tsatsa. Muddin kaza na cikin sanyi, ƙarfinsu ya isa.

Zafi shi ke ɓata lissafin, kuma ta fuska fiye da ɗaya. Mitokondiriya da ta yi zafi takan ƙara yawan tartsatsi. Jinin da aka tura fata domin sanyaya jiki an ɗebo shi ne daga hanji, sai bangon hanjin ya raunana, ya kasa tsotse abinci yadda ya kamata, ya kuma bar ƙwayoyin cuta su sami kafa. Ga shi kazar da ke haki ba ta son cin abinci, saboda haka bitamin da ma'adinan da take samu sun ragu daidai lokacin da bukatarsu ta ƙaru. Har ila yau jikin yakan saki wani sinadarin tashin hankali, kotikosteron, mai rushe tsoka ya tara kitse a ciki. Shi ya sa kazar da ta yi makonni cikin zafi ke fitowa da ƙaramin ƙirji da tulin kitse a mara, abin da mai saye ba shi ya biya kuɗinsa ba.

Abin da ke faruwa bayan yanka

Mutane da yawa suna zaton da zarar an yanka kaza komai ya tsaya. Ba haka ba ne, tsoka takan ci gaba da aiki na wasu awoyi. Tun da jini ya daina kawo oksijin, sai ta riƙa ƙona sukarin da ta ajiye ta wata hanya mai haifar da tsami, wato asid na laktik. Ɗaliban kimiyya sun san ma'aunin pH, wanda 7 ke tsakiyarsa, kuma duk abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne. Tsokar kaza mai rai tana wajen 7, bayan yanka kuma ta ƙirji takan sauka a hankali zuwa wajen 5.8. Wannan saukar ce ke mai da tsoka nama, kuma saurinta shi ne komai.

A ɗauki kazar da aka kamo da rana tsaka, aka ɗaure ƙafafunta, aka rataya ta kai ƙasa a kan babur daga wani ƙauye zuwa kasuwa, ta iso tana haki, aka yanka nan take. Tsokarta tana da zafi fiye da kima, tsamin kuma yakan taru cikin gaggawa tun gawar ba ta huce ba. Zafi da tsami in sun haɗu suna dafa furotin, kamar yadda ruwan lemun tsami ke tsinka madara mai ɗumi. Kusan kashi 75 cikin ɗari na nama ruwa ne, kuma furotin ne ke riƙe da shi. Idan furotin ya lalace, tantanin ƙwayoyin halitta kuma tartsatsi ya riga ya huda su, ruwan sai ya zube. Naman ya fito fari fat, laɓo-laɓo, yana tsiyaya a faranti. In an soya ya ƙanƙance, in an gasa ya bushe ya yi tauri. Mai gasa kaji a bakin titin Birnin Kebbi ya san irin wannan nama sarai ko da bai taɓa jin labarin pH ba.

Akwai kuma akasin haka. Kazar da ta daɗe tana galabaita, ta yini a kasuwa ba ci ba sha, takan ƙone sukarin tsokarta tun tana da rai. Bayan yanka ba abin da zai zama tsami, sai naman ya yi duhu ya yi danƙo, kuma ya fi saurin ruɓa domin ƙwayoyin cuta sun fi son wurin da ba tsami.

Sai maganar ɗanɗano, wadda a ganina ita ce ta fi shafar mu. Kitsen kaza ya fi na saniya da na rago saurin yin tsatsa, saboda irin gininsa. Cinya ta fi ƙirji saurin canjawa, domin ta fi kitse, ta kuma fi sinadarin ƙarfe mai rura wutar. Dafuwa, da gishiri, da ajiya, duk suna ƙara hanzarta abin. Wannan shi ne asalin warin nan da ake ji a kazar da ta kwana aka ɗumama, ko da ba ta ruɓe ba. A ƙasashen da nama ke tafiya cikin sanyi daga mayanka har gida, wannan matsala ce ta kwanaki. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, naman Sallah kuma soya shi ake yi a ajiye, matsala ce ta awoyi. Iyakar sinadarin hana tsatsar da naman zai kare kansa da shi kuwa shi ne wanda kazar ta tara tun tana raye.

Bitamin C, bitamin E da siliniyom

Ɗan Adam ba ya iya ƙera bitamin C a jikinsa, sai ya ci. Kaza kuwa tana ƙera nata a ƙoda, shi ya sa ba a cika sa shi a abincin kaji na yau da kullum ba. Amma a lokacin zafi abin da take ƙerawa ba ya isa. Masu bincike a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun daɗe suna gwada shi a kan kaji a bazara, har da kajin da ake ɗauka a mota zuwa nesa, kuma sun nuna yana rage galabaitar da zafi da tafiya ke jawowa. Adadin da aka fi gwadawa a duniya shi ne miligiram 200 zuwa 250 a kowane kilo na abinci. A buhu mai kilo 25, wannan ya kama giram 5 zuwa 6, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Kyawunsa shi ne yana narkewa a ruwa, yana kuma aiki da wuri, don haka ana iya ba da shi da sassafe a ranar da aka ga alamar rana za ta yi ƙuna, ko kafin a ɗauki kaji zuwa kasuwa. Aibinsa shi ne rashin juriya. Zafi, da hasken rana, da tsatsar mazubi, da sinadarin kulorin na ruwan famfo, duk suna kashe shi. Wanda ya haɗa shi a baƙin tanki ya bari a rana tun safe, zuwa azahar kusan ruwan zafi kawai kajinsa ke sha.

Bitamin E halinsa daban ne. A mai yake narkewa, saboda haka yakan shige cikin tantanin ƙwayar halitta ya zauna, daidai wurin da gobarar ke tashi. Idan tartsatsi ya zo sai ya miƙa masa ilektoron, ɓarnar ta tsaya a nan. Bitamin C kuma, wanda ke cikin ruwan da ke kewaye, shi ke mayar wa bitamin E abin da ya bayar domin ya koma bakin aiki. Wannan ne dalilin da ya sa haɗa su biyun ya fi ba da ɗaya. Dangane da ingancin nama kuwa, ba wanda hujjarsa ta kai ta bitamin E ƙarfi. Kaza tana iya girma lafiya da kimanin miligiram 10 a kilon abinci, amma binciken da aka yi a jami'ar birnin Cork ta ƙasar Ayilan a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka ɗaga shi zuwa 200, naman yakan daɗe bai yi tsatsa ba, ɗanye ko dafaffe. Sai dai akwai sharaɗi: yana bukatar mako huɗu zuwa biyar kafin ya taru sosai a tsoka. Mai kiwon da ya tuna da shi ana jajibirin Sallah ya makara.

Siliniyom kuwa, ina roƙon kada kowa ya auna shi da hannunsa. Abin da ake sawa bai wuce miligiram 0.3 a kilon abinci ba, wato kashi ɗaya cikin uku na giram bai cika ba a tan guda. Tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ƙarama ce. Hanyarsa ita ce garin firimis da kamfanoni suka riga suka auna, wanda ake zubawa lokacin haɗa abinci.

Wata magana da ya kamata malamai su isar ga iyayen yara ita ce ta 'yan fakitin da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi da sunan maganin gajiya ko na zafi. Da yawa daga cikinsu bitamin ne zalla, amma wasu an gauraya su da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba wa lafiyayyar kaza irin wannan kullum yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma ragowarsa na iya zama a nama in an yanka kafin wa'adin da aka rubuta ya cika. A karanta abin da ke jikin fakiti, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma lura da inda mai shago ya ajiye shi. Fakitin da ya yi wata uku yana shan rana a kan tebur sunansa kawai ya rage.

Na gida, da dusar shinkafa

Ƙasarmu ba ta rasa tsirrai masu irin waɗannan sinadarai ba. Ganyen zogale yana da bitamin E da C da wasu sinadaran launi masu kashe tartsatsi. Garin 'ya'yan kuka yana cikin abubuwan da suka fi bitamin C a dajinmu, ya ma ɗara lemun zaƙi nesa. Jan launin zoɓo shi kansa sinadarin hana tsatsa ne. Haka citta, da tafarnuwa, da albasar da maƙwabtan Gwandu a Aliero suka shahara da nomawa. An gwada yawancinsu a kan kaji a jami'o'in Nijeriya da na waje, har da zogale. Abin da ya fito fili shi ne kaɗan ke amfani. Idan garin ganyen ya wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na abinci, girma yakan fara ja baya, domin hanjin kaza gajere ne, ba ya iya sarrafa harza mai yawa. A shanya ganyen a inuwa, domin rana tana cinye abin da ake nema. A kuma tuna cewa ƙarfin ganye yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, daga damina zuwa rani, don haka ba a auna shi daidai kamar garin kamfani. Ni dai ina ganin zogale mataimaki ne mai araha, amma wanda ya ce zai maye gurbin firimis da shi yana wasa da jarinsa.

Akwai wani abu kuma da ya shafi Kebbi musamman. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, injinan casar shinkafa manya da ƙanana suka ƙaru a jihar, dusar shinkafa kuma ta zama abin da mai haɗa abincin kaji da kansa ke saurin kai wa hannu. Dusa ce mai kyau, tana ɗauke da mai kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Amma da zarar an cashe ta, wani inzayim da ke cikinta yakan fara farfasa man, cikin 'yan kwanaki ta soma canja wari, musamman a ɗaki mai zafi. Dusar shinkafar da aka turara kafin casa ta fi daɗewa, domin tururin ya kashe inzayim ɗin. Haka ma ƙuli-ƙuli da garin kifi in sun tsufa. Abincin da mansa ya yi tsatsa yakan cinye bitamin E ɗin da ke cikin buhu tun kaza ba ta gan shi ba, sannan ya shiga cikinta da nasa tartsatsin. Mai kiwon da ke sayen bitamin mai tsada yana zubawa a kan tsohuwar dusa, ɗinki yake yi wani na farkewa. Ya sa hanci a buhu kafin ya biya, kuma kada ya haɗa abincin da zai wuce mako biyu a bazara.

Iyakar abin da sinadari zai iya

Duk waɗannan sinadarai ɓarnar cikin jiki suke ragewa. Ba wanda zai sauke zafin ɗaki ko da digiri ɗaya. A gwaje-gwajen da aka yi, kajin da ke cikin zafi aka ba su bitamin sun fi waɗanda ba a ba ba, amma da wuya su kamo waɗanda aka kiwata cikin sanyi. Don haka kuɗin farko a rufi ya kamata ya tafi. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwano, ko a shafa masa farar ƙasa. A gina ɗakin tsawonsa daga gabas zuwa yamma, gefunan a buɗe da waya domin iska ta ratsa. Kada manyan kaji su wuce takwas zuwa goma a murabba'in mita, in an rage ma ya fi. Ruwa a ajiye shi a randa cikin inuwa, a riƙa canjawa, domin kaza ba ta son ruwan da ya yi ɗumi, alhali a zafi bukatarta takan ninka. Narka abinci yana ta da zafin jiki na wasu awoyi, don haka a ciyar da asuba, a ɗauke kwanukan da hantsi, a mayar bayan la'asar.

Ranar sayarwa kuma, wadda ita ce ke iya rushe aikin mako shida, a kama kaji da asuba ko da dare, a sa su a keji mai iska, kada a cusa. In sun isa a bar su su huta a inuwa su sha ruwa kafin yanka. Bayan fiɗa a hanzarta sanyaya naman da ruwa mai tsabta, ko ƙanƙara in akwai. A nan dole in ja kunne: bitamin E yana jinkirta tsatsar kitse ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Naman da ya yini a zafi yana da haɗari ko da kazar ta ci kowane irin bitamin.

Gwaji domin aji

Malamin kimiyya a Gwandu ko Kalgo zai iya nuna wa ɗalibansa yawancin abin da muka faɗa da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba. A yanka gauta ko dankalin Turawa gida biyu, a shafa wa ɓari ɗaya ruwan lemun tsami, a bar ɗayan haka. Kafin a tashi darasi za a ga wanda ya yi duhu.

Na biyun ya fi armashi. A dama ɗan sitaci ko garin rogo a tafasasshen ruwa, a bari ya huce, a tace. A sayo ruwan aidin irin na wanke ciwo a kemis. Aidin idan ya haɗu da sitaci yakan ba da launin shuɗi mai duhu, amma muddin akwai bitamin C a wurin, shi zai fara cinye aidin ɗin, launin ba zai tsaya ba. A narka ƙwayar bitamin C guda a rabin lita na ruwa, a raba gida uku. Kashi ɗaya a rufe a ajiye a gindin randa, na biyu a bar shi a buɗe a rana, na uku a zuba a tsohon gwangwani mai tsatsa shi ma a rana. Bayan awa huɗu ko biyar a ɗebi cokali biyu daga kowanne, a sa ɗan ruwan sitaci, a riƙa ɗiga aidin ana kaɗawa ana ƙirga ɗigo har shuɗin ya zauna. Wanda ya fi shan ɗigo shi ya fi sauran bitamin. Ɗalibai su rubuta alƙaluman a allo, sannan su maimaita da jiƙon garin 'ya'yan kuka, da ruwan lemu, da jiƙon ganyen zogale wanda aka shanya a inuwa da wanda aka shanya a rana, kowanne a tace shi sosai kafin a fara ɗiga aidin.